Godiyarmu ga duk wanda ya tsaya mana a jinyar Baba

Assalamu alaikum. A madadin Baba da Mama da mu 'ya'yansu, ina miƙa godiya ga 'yan uwa da abokan arziki da suka tsaya mana tun ranar da aka ce Baba na da ciwon dajin ƙoda. Alhamdulillahi an yi aiki lafiya, yana gida, jiki kuma sai ƙara kyau yake yi.

Da yawa sun kira suna tambayar yadda abin ya faro, ba mu samu sukunin amsa wa kowa ba. Jini ya gani a fitsarinsa, babu zafi babu komai, washegari kuma ya ɗauke. Mama ce ta kafe sai an ga likita. Hoton ciki ya nuna ƙari a ƙodar hagu, hoton CT kuma ya nuna bai bazu zuwa wani wuri ba. An yi mana bayani cewa wannan ciwo yakan daɗe bai nuna alama ba, har wasu sai an je ɗaukar hoto don wata larura daban ake cin karo da shi. In bai yaɗu ba, tiyata ce babban maganinsa.

Likitan da ya yi aikin, Allah Ya saka masa da alheri. Takarda ya ɗauko ya zana ƙoda biyu, ya nuna inda ƙarin yake da dalilin da ya sa za a cire ƙodar gaba ɗaya maimakon a yanke wani sashe. Baba ya ce, "Likita, mutum zai rayu da ƙoda ɗaya?" Ya juyo ya fuskanci Baba, ya ce ƙwarai kuwa, wadda ta rage takan ƙara girma ta ɗauki mafi yawan aikin. Da shi ya yi magana kai tsaye, kuma a ganina wannan mutuntawar ce ta kwantar masa da hankali fiye da duk lallashin da muka yi.

Muna godiya ga ma'aikatan jinya. Washegarin aiki suka tashe shi tattaki don kada jini ya daskare a jijiyoyin ƙafa. Yana cije baki, ɗayarsu na riƙe da jakar fitsari tana cewa, "Baba, taku biyu kawai, ina tare da kai." Waɗanda suka zo ba da jini, har da waɗanda ba mu taɓa sani ba, Allah Ya biya ku.

Sai da aka sallame mu muka san mene ne jinya. Ƙanwata ta ajiye harkokinta ta tare a gida: duba ɗinki, ba da magani a kan lokaci, miƙa masa matashi ya danne ciki duk sa'ad da tari ya taso. Mama kuwa barcin kirki ba ta yi ba. An hana shi ɗaga abu mai nauyi na kusan mako 6, an ce ya riƙa shan ruwa isasshe, ya kula da hawan jini, ya kuma nisanci magungunan ciwon jiki irin su ibuprofen da diclofenac saboda suna wahalar da ƙoda. Maƙwabcinmu ma'aikacin lafiya ne, kullum da safe sai ya leƙo ya auna jinin Baba kafin ya wuce aiki, ko sisi bai taɓa karɓa ba.

Waɗanda suka kawo magunguna iri-iri, mun san ƙauna ce ta sa. Ku yi haƙuri da ba mu ba shi ba, ƙoda ɗaya ta rage masa, ba ya shan komai sai da izinin likita. Masu aiko da gudummawa a ɓoye, Baba ya ce in gaya muku yana sa ku a addu'a.

Sakamakon gwajin ƙarin da aka cire ya fito, an ce an kwashe shi duka. Sai dai zai ci gaba da zuwa gwajin jini da ɗaukar hoto na tsawon shekaru, domin ciwon kan iya dawowa, don haka kada ku gaji da yi masa addu'a. Mai son zuwa dubiya ya zo da yamma, lokacin ya fi samun ƙarfi, mai mura kuma ya dakata har ya warke. Allah Ya bar zumunci.