Wanda aka kashe ba shi ne ɓarawon ba

Ana saura wata guda a kama azumi sabarmu, wato kwamfutar da manhajarmu ke aiki a kanta, ta fara faɗuwa. Ni ke kula da manhajar lissafi ta wani Alhaji mai sayar da kayan masarufi a sari, babban shagonsa na kusa da babbar kasuwar Katsina, yana da rassa a Daura da Funtuwa. Ko buhun sukari ɗaya ba ya fita sai an buga rasit ta wannan manhaja. Idan ta tsaya, mota na bakin sito, 'yan dako na tsaye, mai saye riƙe da kuɗinsa, kowa ya yi cirko-cirko.

Wata Alhamis bayan la'asar Alhaji ya kira ni. "Injiniya, abin naka ya tsaya, ga mutane sun cika ƙofa." Na ce, "Ranka ya daɗe, yanzu-yanzu." Na shiga sabar na tarar MySQL, rumbun bayananmu, ya mutu. Na tayar da shi, aiki ya ci gaba. Da Alhamis ta zagayo, sai ga shi ya sake mutuwa.

A nan ne na buga dmesg, inda Linux, babbar manhajar da ke tafiyar da sabar, ke rubuta abin da ya same ta, na ga layin nan: "Out of memory: Killed process", da sunan mysqld a gabansa, wato memori ya ƙare, an kashe MySQL. Nan take na yanke wa MySQL hukunci. Na rage masa innodb_buffer_pool_size, wato rabon memorin da yake ajiye bayanai don aiki ya yi sauri, manhaja ta ƙara nauyi, masu buga rasit suka fara ƙorafi, Alhamis ta uku kuma ya sake faɗuwa.

Abin da ban tsaya na yi tunani a kansa ba shi ne yadda Linux ke zaɓen wanda za ta kashe. Idan RAM, wato memorin da shirye-shirye ke aiki a cikinsa, ta ƙare ƙaf, ba ta binciken wanda ya jawo. Tana duba shirin da ya fi kowa riƙo ne, ta sare shi da sigina ta 9, wadda ba ta ba shi damar ko tattara kayansa. A sabarmu mai giga 4, MySQL ne babba, saboda haka kullum shi takobi ke hawa. Na kuma yi wani kuskuren wajen karanta free -h, umarnin da ke nuna yawan memorin da ya rage: na ga layin free ya kusa kaiwa sifili tun da safe, hankalina ya tashi. Ashe Linux na aron memorin da ba kowa a kansa ta ajiye fayiloli, da an buƙata ta sake shi. Layin available ne ke faɗin gaskiya.

Na je wa Alhaji da shawarar a ƙara sabar zuwa giga 8, kuɗin haya kuma da dala ake biya. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Kafin in ƙara gero a rumbu, nuna mini ɓeran." Har yau ina jin wannan magana.

Sai na sa cron, mai maimaita aiki a kan lokaci, ya riƙa rubuta sakamakon ps, wato jerin shirye-shiryen da ke aiki, kowane minti, manyan masu cin memori a sama. Ranar Alhamis kuma ban zauna gida ba, na je ofis na kafa ido. Ma'aikatan PHP-FPM, wato ƙananan shirye-shiryen da ke gudanar da manhajarmu ta harshen PHP, waɗanda kowannensu ke ɗaukar buƙata guda daga masu shiga, sun saba zama wajen mega 60. Ana idar da la'asar ɗaya ya fara kumbura: 200, 400, har ya haura 700. Kafin ya sauka na biyu ya taso, na uku ya biyo baya. Babu wanda ya kai MySQL girma a cikinsu, amma su ukun sun cinye abin da ya rage.

Na miƙe na zagaya teburori. A ƙuryar ofis na sami akantanmu, dattijon da ya riƙe littafin Alhaji tun ana rubutawa da biro. Tabarau a kan hanci, yana jiran jerin masu bashi ya fito a Excel, don duk Alhamis yake kai wa Alhaji kafin Juma'a. Na ce, "Baba, sau nawa ka danna?" Ya ce, "Ɗana, in ya ƙi fitowa ai sai in sake dannawa." Gaskiyarsa ce, babu abin da ya ce masa ya jira. Kowace dannawa kuwa sabon ma'aikaci take tayarwa, ya kwaso cinikin shekara uku gaba ɗaya ya loda a memori. Na farkon ma ba ya dainawa, domin PHP ba ta sanin an bar shafi sai ta zo aika amsa.

Saura tambaya ɗaya: me ya sa PHP ta bar su suka kai haka, alhali iyakarta ta asali mega 128 ce? Na buɗe php.ini, fayil ɗin saitin PHP, na ga memory_limit = -1, wato babu iyaka. Hannuna ne. Bara wannan rahoton ya taɓa tsayawa da saƙon "Allowed memory size of 134217728 bytes exhausted", ina sauri, na cire iyakar don saƙon ya ɓace. Mai gadi ne ya yi ihu na sallame shi. Da na bar shi, rahoton Baba kaɗai zai tsaya, ba cinikin garuruwa uku ba. Wannan ya tsaya mini a rai ƙwarai, kuma da bakina na faɗa wa Alhaji.

Gyaran bai ci kwana biyu ba. Rahoton ya koma CSV, fayil ɗin rubutu zalla da Excel ke buɗewa, yana ɗebo layi 1,000 ya rubuta ya saki, sannan ya ɗebo na gaba. Na sa iyakar a mega 256, na sauko da pm.max_children, wato iyakar yawan ma'aikatan, daga 50 zuwa 20 bayan na yi lissafin abin da ke saura idan MySQL ya ɗauki rabonsa, na ƙara swap giga 2, wato wurin ajiya da ake ara idan RAM ta cika, na mayar wa MySQL abin da na rage masa. Maɓallin kuma da an danna sai ya kulle, ya rubuta "Ana haɗa rahoto, a ɗan jira."

Alhamis ta farko cikin azumi na ja kujera kusa da Baba. Ya danna sau ɗaya, ya naɗe hannu. Ina kallon ma'aikacin a allona, bai wuce mega 80 ba, a waje kuma ana ta loda sukari a motar Daura.