Fangalin karas ɗin da na ƙi ragewa

Bara da hunturu na shuka karas a fangali huɗu a fadamar garinmu. Irin karas ƙanana ne ƙwarai, ba ya ɗaukuwa ɗaya-ɗaya, don haka na cuɗa shi da rairayi, na yayyafa a layi, na rufe da ƙasa kaɗan. Na kai mako biyu ina ban ruwa kafin ya leƙo. Da ya fito kuwa, sai ya fito a cunkushe, kore shar, har raina ya yi fari.

Kawuna ya zo ya tsuguna ya duba. Ya ce, "Ɗana, ka rage su, in ba haka ba ganye za ka girba."

Na ce, "Kawu, in dai cirewa za a yi, me ya hana a shuka kaɗan tun farko?"

Ya ce ba kowace ƙwaya ke tsirowa ba. Tururuwa ta kwashi nata, tsuntsu ya tsattsagi nasa. Ga kuma ƙasar fadama: in ta sha ruwa rana ta buge ta, sai ta yi ɓawo, tsiro guda ba ya iya fasa shi, amma in suna da yawa sai su ɗaga shi tare. Ya tuna mini gero, yadda ake zuba ƙwayoyi da dama a rami ɗaya, in ya yi mako biyu zuwa uku a bar uku masu ƙarfi.

Na rage fangali uku, na bar faɗin yatsu uku tsakanin tsiro da tsiro. Na huɗun hannuna ya ƙi, tausayinsu ya kama ni. Waɗanda na cire ma na dasa su a gefe, ban san karas ba ya son dashe ba: saiwarsa guda ce, da ta lanƙwashe shi ke nan, sai ya yi ƙafa biyu.

Bayan wata uku na tona. Fangali uku suka ba ni karas masu kauri, miƙaƙƙu. Na huɗun kuwa sirara kamar tsinke, wasu sun nannaɗe juna, ga ruwa da takin da suka ci daidai da na sauran. Abin ya yi mini ciwo.

Bana da yamma nake ragewa, bayan na jiƙa ƙasar, sannan in danne gindin waɗanda suka saura da yatsa don kada saiwarsu ta sha iska. Ragi na biyu kuwa sai sun kai kaurin ɗan yatsa, yara su wanke su ci a bakin rijiya.