Bindigar Soja, Bindigar Manomi, da Abin da Dokar Najeriya Ta Ce

Kawuna ya yi shekaru masu yawa a aikin soja kafin ya yi ritaya ya dawo gida ya kama noma. A daminar da 'yan bindiga suka fara kwana a dajin da ke bayan garinsu, dattawan unguwa suka same shi a zaure, suna ganin tunda shi tsohon soja ne, ba zai rasa bindiga a ɗaka ba, ko kuwa zai iya shige musu gaba a sayo. Ya ce musu ranar da ya bar bariki bai fito da ko harsashi ɗaya ba, domin bindigar da ya riƙe tsawon aikinsa ta gwamnati ce, da sa hannu yake karɓarta daga ma'ajiyar makamai, da sa hannu yake mayarwa, kuma har harsasan ƙirga su ake yi. Wasunsu ba su yarda ba sai da ya rantse. Tun daga ranar na fahimci cewa yawancinmu ba mu san abin da doka ta tanada a kan mallakar bindiga ba, alhali batun ya zama na rai da mutuwa a yankinmu.

Dokar da ake aiki da ita ita ce Dokar Makamai ta 1959, wadda aka gada tun kafin samun 'yancin kai, kuma ta kasa bindigogi kashi 3. Kashi na farko su ne haramtattu: igwa, roka, gurneti, mashinga, bindigogin yaƙi irin su AK-47, da ƙananan bindigogi na hannu kamar libarba. Waɗannan Shugaban Ƙasa ne kaɗai ke da ikon ba da lasisinsu, kuma wanda kotu ta samu da laifin riƙe su ba izini, hukuncinsa ba ya gaza ɗaurin shekara 10. Kashi na biyu su ne bindigogin farauta na zamani, kamar mai baki ɗaya da mai baki biyu, waɗanda lasisinsu ke hannun Sufeto Janar na 'Yan Sanda. Na uku kuma su ne bindigogin gargajiya da ake ɗura wa albarushi ta baki, wato bindigar toka da maƙeranmu ke ƙerawa, kuma kwamishinan 'yan sanda na jiha, da amincewar gwamna, shi ke da ikon tsara yadda za a riƙe su. Ba a ba wanda bai kai shekara 17 lasisi, haka ma mai taɓin hankali, da mai raunin gani, da mashayi, da wanda aka hukunta kan laifin tashin hankali cikin shekara 5 da suka wuce.

Soja da ɗan sanda dokar ta keɓe su ne kawai game da makamin da aka ba su don aikin hukuma. Wannan keɓewar tana tare da aikin, ba ta bin mutum zuwa gidansa bayan ya ajiye kaki, saboda haka kawuna a yau matsayinsa ɗaya da na maƙwabcinsa da bai taɓa taka bariki ba.

Abin da ke damuna shi ne yadda shugabanni ke furta maganar da doka ba ta ba su ikon cikawa ba. A watan Maris na 2018 Janar T.Y. Danjuma ya tsaya a Jalingo ya ce wa jama'a su tashi su kare kansu. A 2021 Gwamna Aminu Bello Masari na Katsina ya ce wa mutanensa su nemi makamai. A watan Yuni na 2022 gwamnatin Bello Matawalle ta Zamfara ta wuce nan, ta ce za ta raba takardun neman lasisi 500 ga kowace masarauta daga cikin masarautu 19 na jihar, amma Babban Hafsan Tsaro na lokacin, Janar Lucky Irabor, ya fito ya ce gwamna ba shi da hurumin ba kwamishinan 'yan sanda irin wannan umarni. A fuskar doka Irabor ya yi gaskiya. Sai dai manomin da ya ji maganar gwamnansa a rediyo, ya sayar da akuyoyinsa ya sayi bindiga, shi ne za a tare a shingen bincike a kai gaban alƙali, ba wanda ya yi jawabin ba. Daga baya ma, a 2023, Sufeto Janar Kayode Egbetokun ya sanar cewa an dakatar da ba da sabon lasisi, wato ƙofar halal ɗin da ta rage an rufe ta.

Ni ba na cikin masu cewa a bar kowa ya mallaki bindigar yaƙi. Duk wanda ya bi tarihin rikicin Zamfara ya san cewa kashe-kashen da wasu 'yan sa-kai suka riƙa yi a kasuwanni ba tare da shari'a ba suna cikin abubuwan da suka rura wutar da har yanzu take cinmu. Bindigar da aka saya don ɓarayin daji ita ce za a ɗauko gobe a rikicin iyakar gona ko na zaɓe. Shi ya sa nake ganin rundunonin tsaron al'umma da Gwamna Dikko Radda ya ƙaddamar a Katsina a 2023, da Askarawan Zamfara na Gwamna Dauda Lawal a 2024, sun fi kusa da hankali, domin aƙalla akwai rajistar sunaye, akwai horo, akwai wanda za a tuhuma idan an yi ɓarna. Amma kuma ban ga dalilin da zai sa a hana magidanci mai mutunci, wanda dagacinsa da hakiminsa za su tsaya masa, lasisin bindigar farauta mai rajista da lamba ba, alhali dokar da kanta ta halatta hakan.

Wurin da ya fi buƙatar tsanani shi ne ma'ajiyar makaman hukuma. Rahoton Babban Mai Binciken Kuɗi na Tarayya na shekarar 2019 ya nuna cewa akwai makamai 178,459 na rundunar 'yan sanda da ba a iya faɗin inda suke ba, daga cikinsu har da AK-47 guda 88,078. Ko da wani ɓangare na wannan adadi sakacin rubutu ne kawai, ragowar ta isa ta hana duk mai tunani barci. An kafa cibiyar ƙasa ta yaƙi da yaɗuwar ƙananan makamai a 2021 a ƙarƙashin ofishin Mai Ba Shugaban Ƙasa Shawara kan Tsaro, kuma ina fatan aikinta zai fara daga nan, daga lambar kowace bindiga da sunan wanda ya sa hannu ya karɓe ta.

Da na karanta wa kawuna wannan adadi, ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya ce a zamaninsu idan bindiga ɗaya ta ɓata, ba wanda zai fita daga bariki har sai an gano ta ko an gano wanda ya ɓatar. Har yau a ɗakinsa babu abin da ya wuce adda da tocila, kuma idan dare ya yi shi ke tsara wa matasan unguwa yadda za su karɓi gadi.