Sabar da ke shan wuta tana zaune

Shekara uku ke nan ina kula da rumbun bayanan wani shagon sarin magunguna a nan Katsina, kuma tsawon wannan lokaci babu abin da muka fi yin gardama a kansa da maigidana kamar saba, wato babbar kwamfutar da ke ɗauke da bayanan. Tsohuwa ce da aka sayo ta hannu, mai furosesa (ƙwaƙwalwar kwamfuta) biyu na Intel Xeon da faifan ajiyar bayanai shida masu juyawa, idan aka kunna ta sai ka ce injin niƙa aka tayar. Da na kawo shawarar a sauya ta, sai Alhaji ya ce: “Malam, ka samo mana wadda ba ta shan wuta, ko da ba ta da sauri.” A tunaninsa sauri da tsimin wuta kishiyoyi ne, ni ma a da haka na ɗauka.

Lissafi ne ya sauya mini ra'ayi. Na'urar da ke jan wat 300 dare da rana tana cinye yunit 7.2 a kullum, wato naira 1,620 a kan farashin naira 225 da aka ƙayyade wa rukunin Band A, masu samun wuta mafi yawan awoyi, a watan Afrilun 2024. Wannan kuɗin mita ne kawai. Duk wat ɗin da ya shiga cikinta zafi yake komawa, dole na'urar sanyaya ɗaki ta sake jan wuta domin ta fitar da shi, a garin da zafin bazara ke kai digiri 40. Idan an ɗauke wuta kuma nauyin ya koma kan batiran inbata, waɗanda zafi ke rage musu kwana, daga nan sai janareta da man dizal.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne yawancin wannan wuta ba aiki aka yi da ita ba. Tun a 2007 injiniyoyin Google biyu, Luiz Barroso da Urs Hölzle, suka nuna cewa sabar wancan zamani tana jan kusan rabin wutar da take ja lokacin cikakken aiki ko da tana zaune ba ta yin komai. Tamu kuwa daga isha'i zuwa hantsi zaman banza take yi. Wani binciken da aka gabatar a taron masana rumbun bayanai na SIGMOD a 2010 ya gano cewa a cikin saba guda, tsarin da ya fi sauri shi ne galibi ya fi tsimin wuta, domin mai sauri tana gama aikin da wuri, ita kuwa mai nawa tana daɗewa a kai mita na juyawa.

Saboda haka ban nemi mai rauni ba, na nemi wadda ta yi daidai da aikinmu: furosesa ɗaya na zamani, faifan SSD marasa juyawa guda biyu, da isasshen RAM (ma'ajiyar wucin gadi mai sauri) yadda manhajar rumbun bayananmu, PostgreSQL, za ta riƙe bayanan da ake yawan nema ba tare da komawa faifai ba. Kafin nan ma sai da na gano laifina, domin rahoton magungunan da wa'adinsu ya kusa ƙarewa yana karanta jadawalin gaba ɗaya ne saboda ban yi masa fihirisar da ke nuna inda kowane bayani yake ba. Layi ɗaya na umarni na rubuta na yi fihirisar, fankokin tsohuwar sabar suka daina kururuwa duk safiya.

Tsohuwar tana nan a ƙarƙashin teburi, na kakkaɓe mata ƙurar hunturu, kuma ranar Juma'a kaɗai nake kunna ta domin ta karɓi kwafin bayanan mako kafin mu tafi masallaci.