Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: An Ɗage Ranar Tiyata

A makon jiya na tsaya ne a inda aka sa mini ranar tiyatar rage tumbi saboda ƙiba: Litinin, ƙarfe 8 na safe, a wani asibiti a Abuja. To, Litinin ɗin ta zo ta same ni a ɗakina a Tudun Wada, tumbina yana nan yadda Allah Ya halicce shi.

Bari in ɗan koma baya. Saura mako biyu, likita ya ɗora ni a kan abincin rage hanta. Na zaci so yake in fara ramewa tun a gida, sai ya ɗauki biro ya zana mini. Hanta tana kwance ne a saman tumbi kamar murfi a kan tukunya. Wannan tiyatar kuma ba farke ciki ake yi ba, ƙananan huji huɗu ko biyar ake yi a zura kyamara da kayan aiki, sannan a ɗaga hantar kafin a kai ga tumbin a yanke kusan kashi 80 cikin 100 nasa. Hantar mai ƙiba irina cike take da kitse da sukarin da jiki ya ɓoye, ga nauyi ga saurin zubar da jini. In aka hana ta sitaci da zaƙi na mako biyu sai ta motse, likita ya samu wurin aiki.

Ku ƙiyasta wannan doka a gidan Bazazzagi. Ba tuwo, ba shinkafa, ba waina, ba fura, ba kunun zaƙi, kuma a daidai lokacin da raken Maƙarfi ya cika gari. Dafaffen ƙwai, kifi, kaza ba fata, zogale, kindirmo ba suga, ruwa kamar lita biyu, shi ke nan. Kwana ukun farko ciwon kai ya sa har 'yan ajina na firamare sun sha faɗan da ba su ci ba su sha ba. An rage mini maganin suga don kada ya faɗi, kullum da safe ina tsira yatsa ina awo. Daga kilo 128 na sauko 123.

Ranar Alhamis bayan la'asar, ina ninke zannuwa a jaka, Malam har ya sayi tikitin jirgin ƙasa daga Rigasa, sai waya ta yi ƙara, wata ma'aikaciyar asibitin ce.

"Hajiya, sai dai ki yi haƙuri. Kayan aikin ba su iso ba."

Ashe akwai wata na'ura da ke yanka tumbin tana ɗinke shi da ƙananan ƙarafa a lokaci guda. Bakinta sau ɗaya ake amfani da shi a yar, daga ƙasar waje kuma ake shigo da shi. Na ce to sai yaushe? Ta ce za su kira ni.

Ba zan yi muku ƙarya ba, a daren na aiki auta ya sayo mini waina. Tara na ci, da miyar taushe, a tsaye a kicin, ina ci ina hawaye. Malam ya shigo ya dubi kwanon ya dube ni, bai ce komai ba, ya ɗauki buta ya fita. Da ma faɗa ya yi da ya fi mini sauƙi. Lambar da na'urar awon suga ta nuna da safe kuwa, ni da ita muka sani.

Washegari Inna ta iso daga Ƙofar Gayan, fuskarta wasai kamar an yi mata bushara.

"Ke 'yar nan, Allah ne Ya tsare ki. Mutum lafiyarsa lau ya ɗauki kansa ya kai a yanka? Jikin da wasu ke shan sha-ka-fashe su samu, ke an ba ki kyauta."

Na ce, "Inna, shekara uku ke nan a kan kujera nake salla. Goshina ya manta ƙasa."

Ta yi shiru, ta ce wani jinkirin alheri ne. Wannan maganar na ji ta a bakin Yaya, na ji ta a ofishin malamai, na ji ta har a bakin mai kantin magani. Gaskiya ce, ban musa ba. Amma wanda ya kwana goma sha ɗaya yana jin ƙamshin tuwon 'ya'yansa yana cin zogale, ba ranar ce ranar gaya masa ba.

Na kira mai ba da shawarar abinci ta asibitin na faɗa mata laifina. Dariya ta yi. Ta ce wannan tsauraran abincin ba a zama a kansa ba iyaka, in koma cin abinci daidai gwargwado, in aka sa sabuwar rana mu sake ƙirga mako biyu daga farko. Daga farko fa! Sannan ta ce tunda na samu lokaci, in fara koyon cin abincin bayan tiyata tun tumbin yana iya yafe mini kuskure.

Nan na gane ban taɓa iya cin abinci ba. Ni mai haɗiye loma da ruwa ce, yanzu an ce ba ruwa a kan abinci, sai bayan minti 30, shi ma kurɓi-kurɓi. Na ɗauki ƙaramin kwanon da auta ya ci abinci da shi yana yaye, da cokalin shayi. Nama ko wake na fara ci kafin komai, saboda furotin gram 60 zuwa 80 ake so a rana, sabon tumbin kuwa ba shi da wurin ɓarna. Lemon kwalba na bar shi. Ibuprofen da nake sha don gwiwa shi ma an ce in manta da shi, yana jawo gyambon ciki. Bitamin B12, sinadarin ƙarfe da kalsiyam kuma an ce abokan tafiya ne har ƙarshen rai. Makonnin farko ruwa-ruwa ne zalla, sai markaɗaɗɗe, don haka na sayi injin markaɗe. Da na tuna halin wutarmu sai na haɗa da sabuwar rariya.

Bayan asuba ni da Malam muna fita taku, sanyin hunturu na tsaga leɓe. Minti goma na fara yi ina haki, yanzu ina kai rabin awa. A hanya ne na iya buɗe baki na gaya masa an ce ba ɗaukar ciki sai bayan wata 12 zuwa 18. Ya ce, "Malama, huɗun nan ma ai mun gode Allah."

Abin da ban shirya masa ba shi ne kuɗin. Filin gadona na sayar na haɗa da adashe, dangi kuma kowa ya san suna kwance a banki. Cikin mako uku mutum huɗu suka zo rance, kowa da rantsuwar zai biya kafin a kira ni. Uku na iya hanawa. Ta huɗun Goggo ce, da takardar asibitin jikanta a hannu.

Yau kwana 26 da wancan kiran. Jakar tana bayan ƙofa, ban kwance ta ba, silifas kawai na ciro. Jiya ina aji wayata tana cikin jakar hannu, da na duba bayan tashi na ga lambar Abuja, kira biyu. Na kira sau uku ba a ɗauka ba.

Mu haɗu mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.