Zanen ganyen kaka: inda na kai

'Yan'uwa masu koyon zane, tunda ruwa ya ɗauke na ajiye zanen kofi da kwalba, na koma tsintar ganye a gindin bishiyoyi.

Abin da ya fi yi mini amfani shi ne in fara ja jijiyar tsakiya kafin in taɓa gefen ganye. Darbejiya ce ta koya mini haka. Kowane ɗan ganyenta a lanƙwashe yake, kuma jijiyar ba ta raba shi daidai ba, ɓari ɗaya ya fi faɗi a wajen gindi. In ka fara da gefe, hannu da kansa zai daidaita maka ɓarin biyu, ka tashi da ganyen da babu irinsa a kowace bishiya. Haƙoran gefen duk tsini suke kallo, su nake sawa a ƙarshe da fensir HB mai kaifi.

Kalgo ne ya fi shiga raina. Ganyensa tsage yake gida biyu kamar kofaton raƙumi, manyan jijiyoyin kuma daga wuri guda suke tashi su bazu. Da ya fara bushewa sai ya ninke. Kada ku buɗe shi da ƙarfi, karyewa zai yi. A ninken nake zana shi, in duhunta cikin da fensir 2B, wanda ya fi HB baƙi, nan take sai ka ga ya taso daga takarda.

Mai son zana kuka ya hanzarta, don tana kaɗe ganye, masu miya ma sun riga mu. Babbar kuka yawanci 'yan ganye 5 ne a tsinke ɗaya, na tsakiya ya fi tsawo, amma ƙaramar da ta tsiro kwanan nan ganye ɗai-ɗai take yi. Tsamiya kuwa bibbiyu suke jeruwa har ƙarshe, babu tilo a tsini. Gawo zai jira mu, shi da damina yake zubar da nasa, yanzu yake fitar da sabo.

Iskar hunturu ba ta jira. Ganyen da ka tsinto da safe, kafin la'asar ya murɗe. Dannewa cikin littafi na miƙar da shi, amma yana kashe murɗin, alhali murɗin nan shi ne kyan busasshen ganye. Don haka ina zana shi yadda na tsince shi tukuna, sannan in danne.

Yanzu busasshen ganyen mangwaro ne a gabana, ina neman yadda zan nuna ƙyallinsa da fensir kaɗai. Wanda ya san dabarar, don Allah ya nuna mana.