Hoton Baba da Fijo mai ƙofa biyu

Bayan rasuwar mahaifinmu, Allah Ya jiƙansa, da muka zo buɗe akwatinsa na ƙarfe a gidanmu na Tudun Wada sai na ci karo da wani tsohon hoto a tsakanin rasiɗai da katin asibiti. Kalarsa ta koɗe ta koma ja-ja. Baba ne a ciki yana saurayi, wando fantalo, gashi a cike, ya dafa wata mota da aka ɗaga bonet ɗinta, jikinta duk jar ƙasa, ga manyan fitilu an ƙara mata a gaba, ga lamba ɓaro-ɓaro a ƙofa irin ta motocin tsere. Bayan hoton ba rubutu ko ɗaya.

Mu 'yan Kaduna ai ba a nuna mana Fijo, tun 1975 aka fara haɗa 504 a Kakuri, a cikinta aka kai mu makaranta, a cikinta aka kai amaren unguwa. Ina ganin zakin nan a gaba na ce 504 ce, magana ta ƙare. Yayana ya karɓa ya duba ya ce to ai ƙofa biyu gare ta, kai ka taɓa ganin 504 mai ƙofa biyu in ba fikof ba? Nan na yi shiru.

Wauta ta farko da na yi ita ce na ɗauki hoton da waya, da filasha ma, na saka shi a manhajar nan da ke gyara tsofaffin hotuna. Ya fito tas kamar jiya aka ɗauka, har fuskar Baba ta zama ta wani ɗan Indiya, injin kuma ta zana masa wayoyi da bututai daga kanta. Kwana biyu ina ƙirga wayoyin da babu su a duniya. Sai daga baya na kai asalin hoton shagon kwamfuta aka yi min sikanin a 1200 dpi ba tare da an taɓa komai ba, ya fito da dishi-dishinsa amma abin da ke ciki gaskiya ne.

Jikin motar bai wahalar ba. 504 Coupé ce, wadda kamfanin Pininfarina na Italiya ya zana, ta fito a 1969, shekara ɗaya bayan 504 ɗin da muka sani. Sunan ne ɗaya amma bodin daban, ta fi gajarta ta fi kwanciya ƙasa. Abin da ya taimake ni shi ne fitilun gaba. Na farkon fitilu huɗu ne a rarrabe, biyu kowane gefe, daga ƙarshen 1974 aka haɗe su cikin gilashi ɗaya mai faɗi. Ta hoton Baba mai faɗin ce, ko da yake fitilun tseren sun rufe rabi. Kenan ba a ɗauki hoton kafin ƙarshen 1974 ba.

Sai lambar motar, wadda ta ƙare da 75. Wallahi har na kira 'yan gidanmu na sanar da su cewa na gano shekara, 1975, kuma a shekarar ce Ove Andersson ɗan Suwidin ya ci gasar tseren motoci ta Safari a Kenya da 504, to ai shi ke nan Baba ya je Kenya ya dafa motar da ta ci gasa. Labarin ya yi min daɗi shi ya sa ban bincike shi ba. Ashe a tsohon tsarin lambar Faransa lambobi biyun ƙarshe na yankin da aka yi wa mota rajista ne, 75 kuwa Faris ce, ba ruwanta da shekara. Sannan motar da Andersson ya ci da ita mai ƙofa huɗu ce irin tamu ta tasha. Kunya ta sa na yi kwana uku ban ce uffan ba a gurup ɗin gida.

Injin ne ya fi cin rai, domin mai ƙofa biyun nan an yi ta da inji iri biyu, akwai mai silinda huɗu mai cc 1971 akwai kuma V6, wato mai silinda shida a layi biyu, mai cc 2664, kuma fitila ba za ta raba maka gardama ba tunda duka biyun an saka su a bodi mai faffaɗar fitila. Na buga hoton a babbar takarda na nufi Panteka wurin wani dattijon bakanike da ya san Baba, mutumin da ya ce tun yana yaron gareji Fijo yake kwancewa. Na gaishe shi na miƙa masa, ya sa tabarau ya daɗe yana kallon fuskar abokinsa kafin ma ya kalli motar.

Ya ce, "Ɗana, injin 504 da ka sani a kishingiɗe yake, ya karkata gefe guda, murfin tof silinda ɗaya ne dogo. Nan me ka gani?"

Na ce, "Baba kamar murfi biyu nake gani, ɗaya dama ɗaya hagu."

Ya ce to kafireta a ina take? Na ce a tsakiyarsu. Ya ɗora farce a kan distiributa ya ce in ƙirga wayoyin filogi, na ƙirga biyar a fili ta shida hannun wani Bature ya kare ta, ban da ta tsakiya mai zuwa kwayil wadda ya ce kar in kuskura in sa ta a lissafi, nan ne yara ke faɗuwa. Ya ce inji mai silinda huɗu ba ya kai wayar filogi biyar ko da aljani ne ya haɗa shi. V6 ne, irin wanda ya taɓa kwancewa a 604.

Daga nan hira ta ɓarke, har shayinsa ya huce. Injin nan Peugeot da Renault da Volvo ne suka haɗa kai suka yi shi, shi ya sa ake ce masa PRV, a garin Douvrin na arewacin Faransa aka riƙa ƙera shi, kuma za ka same shi a Volvo 264 da Renault 30. Tsakanin layin silinda biyun digiri 90 ne, wanda ya fi dacewa da V8, don haka na farkon ba sa tashin wuta daidai da daidai. Dattijon bai san zancen digiri ba amma ya san sautin, ya ce in yana sulo sai ka rantse filogi ɗaya ya mutu alhali lafiyarsa ƙalau, kuma ya ga masu mota da yawa sun yi asarar kuɗi suna neman gyaran abin da bai lalace ba.

Da na ji V6 sai zuciyata ta sake komawa Kenya, saboda a 1978 Jean-Pierre Nicolas ya ci Safari da 504 Coupé V6. Amma wannan karon na riƙe bakina. Na koma kan sikanin ina duba bayan motar maimakon motar, can nesa ga wata roka a kan titi ta ba mu baya tana tafiya a hannun dama. Kenya har gobe a hagu suke tuƙi. Mu nan mun koma dama tun Afrilun 1972, to ko Najeriya ce? Sai ga wani allo a jikin shago, haruffa huɗu kawai ake gani, PHAR, da koren kuros a samansa irin na kantin magani a ƙasashen Faransanci. A waccan shekarar ta 1978 Nicolas ɗin dai ya ci gasar Bandama ta Kwaddebuwa, ƙasar da Abijan take, da irin wannan mota.

Ranar Juma'a na je Kawo gaida Gwaggo, yayar Baba, na nuna mata hoton ina shirin yi mata dogon bayanin fitila da wayar filogi. Ko sakan biyar ba ta yi ba ta ce, "Au, wannan ai lokacin da ya gudu Abijan ne da motar masu goro, shekara biyu Inna tana kuka." Na ce Gwaggo wata uku fa ina wahala a kan hoton nan. Ta ce to wa ka tambaya? Ta sa hoton a ƙarƙashin filonta, ta ce in bar mata shi in riƙe na kwamfutar.